Wanda Ya Diro Daga Kan Soro

Ni mutum ne mai son a faɗi abu bi da bi, don haka zan fara da inda nake zaune kafin in koma inda na fito. Ina zaune a Alƙahira, a unguwar Ainu Shams, hawa na uku, a gidan da idan metro, jirgin ƙasan cikin gari, ya wuce sai kofunan shayi su kama kaɗawa a kan tire. Na zo garin nan da ƙuruciyata da niyyar karatu. Karatun bai yi nisa ba, amma Larabcin titi ya zauna a bakina, shi kuma ya zama sana'ata. Mutanenmu suna zuwa daga gida neman magani, ni nake tarbarsu, in kai su wurin likita, in tsaya a tsakani. Likita ya faɗa da Larabci in mayar da Hausa, mara lafiya ya faɗa da Hausa in mayar da Larabci. A wannan aiki gashina ya yi fari, kuma har makon jiya ina ɗaukar kaina mutum mai gaskiya a cikinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne zuwan wani abokina na ƙuruciya, wanda duk garinmu ba a san shi da wani suna ba sai Kaboyi. 'Yarsa Binta ce ta kawo shi saboda ciwon ƙugu da ya hana shi barci, suka sauka a gidana. Na kai shi wurin likitan ƙashi, aka ɗauki hoto, likitan ya daɗe yana duba hoton a jikin fitila, sannan ya yi mini bayani mai tsawo. Ya ce karaya ce tsohuwa da ta haɗe a karkace, gaɓar ta cinye, kuma zuciyar mutumin ba za ta ɗauki aikin tiyata ba, sai dai a rage masa zafi da magani. Kaboyi yana kallon bakina. Sai na ce masa, "Likita ya ce a ƙara wasu gwaje-gwaje, akwai fata." Na gaya wa kaina cewa tausayi ne ya sa na faɗi haka, kuma zan san yadda zan lallaɓa in gaya masa gaskiya kafin mu koma wurin likitan bayan kwana uku. Ƙugun nan kuwa na san ranar da ya karye, don ina tsaye a wurin.

A garinmu gidan silima ɗaya ne, ba shi da rufi, katanga ce kawai da farin bango a gaba da bencina a jere. Gwangwanayen fim jirgin ƙasa ne yake kawo su, kuma mun san ranar zuwansu fiye da yadda muka san ranar kasuwa. Abin da ya fi zauna mini a rai ba hoton ba ne, ƙarar ce. Injin majigi yana bayanmu yana ta ƙara kamar keken ɗinki, ƙarar kofaton dawaki tana fitowa daga lasifika guda ɗaya wadda ta tsage, masu gyaɗa da rake suna ratsa sahu, idan kuwa fim ya tsinke bango ya yi fari fat, sai fito da ihu su tashi, a yi ta zagin mai injin har ya ɗaura. Yanzu ina ganin samari a cikin metro, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, ya toshe kunnuwansa, yana kallo shi kaɗai, idan wani wuri ya wuce masa ya mayar da yatsa ya sake gani. Mu sau ɗaya muke gani, mu ɗari da wani abu a tare, abin da ido ya kama ya kama, abin da ya kuɓuce sai ka nema a bakin wani.

Cikin 'yan wasan da suke zuwa mana a bango akwai wani Bature da ya fi kowa shiga ranmu. Ba mu san sunansa ba, ko mun ji ma ba za mu iya faɗa ba. Dogo ne, mai siririyar fuska, da hula mai faɗin baki, da ƙyalle ɗaure a wuya, sai muka sa masa Mai Ƙyalle. Ba ya yawan magana, ba ya gudu, ba ya waiwaye. Idan ya shigo gari a kan dokinsa, miyagun garin su ne suke fara sauke ido. Tun da ba wanda ya gaya mana tarihinsa, sai muka gina masa namu. Muka ce a daji aka haife shi cikin garken shanu, ya iya hawan doki kafin ya iya tafiya, ba ya kwana a ɗaki. Muka koyi tafiyarsa, muka koyi yadda yake tura hula da yatsa ɗaya, duk da cewa mu hular tamu ba ta da bakin da za a tura.

Iyayenmu ba sa son abin ko kaɗan. Mahaifina yana da jakuna huɗu da yake ɗauko wa magina ƙasa da su, kuma aikina a gida a tsare yake. Da asuba in share turke, in ɗebo ruwa, in tafi elemantare, in dawo in yanko ciyawa, bayan la'asar in kai jakunan bakin rijiya in shayar da su. Idan ya ga na yi saurin gama aiki ya san ranar fim ce, sai ya ce, "Je ka kalli inuwa a bango. Jakin nan ya fi ka wayo, shi sai ya ga dusa a ƙwarya yake motsa kunne." Mahaifiyar Kaboyi kuma, da ta ji muna labari, sai ta ce, "Wai su Turawan nan ba su da wani aiki ne sai harbi da faɗowa daga bisa?" Mukan yi dariya a ɓoye, muna ganin tsofaffi ba su san duniya ba.

Akwai wata al'ada da muke da ita wadda ban ƙara ganin irinta ba. Ba kowa ke samun shiga silima ba, don haka washegari, a bakin rijiyar nan da nake shayar da jakuna, sai a taru a sake yin fim ɗin da baki. Wani ya zama doki, wani ya zama mugu, Kaboyi kullum shi ne Mai Ƙyalle, don ya fi mu ƙarfin jiki da ƙarfin hali. Ni kuma aikina in faɗi abin da Turawan suka ce, tun da ni kaɗai nake zuwa makarantar boko, shi ya sa suke kirana Tafinta. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, Turancin da na sani a lokacin bai wuce na gaisuwa da ƙirge ba. Abin da suke faɗa a bango ba na jin ko ɗaya. Ina kallon fuskokinsu ne in ƙirƙiro maganar da ta dace, in faɗe ta da murya mai kauri, yara su yi tsit suna saurare. Daɗin wannan tsit ɗin shi ya hana ni tsayawa.

Sai aka kawo wani fim da aka rutsa Mai Ƙyalle a kan rufin wani gidan katako. Ya yi fito, dokinsa ya zo ƙarƙashi, ya diro daga can sama ya faɗa daidai kan sirdi, suka ɓace cikin ƙura. Gidan silima ya kusa tsagewa da ihu. Washegari a bakin rijiya wani saurayi da yake koyon aiki a wurin mai ɗaukar hoto ya ce mana dabara ce, mutum ba ya yin haka ya tashi. Maganar ta ƙona ni, don na ji kamar ni aka ƙaryata. Na ja su gaba ɗaya zuwa ƙofar silima inda aka manna takardar tallar fim ɗin, na sa yatsa a ƙarƙashin wasu ƙananan rubutu, na yi kamar ina karantawa. Na ce, "Ga shi nan an rubuta, duk abin da kuka gani shi da kansa ya yi, babu igiya, babu dabara." Har yau ban san abin da aka rubuta a wurin ba. Kaboyi ya dube ni, idonsa yana ƙyalli, ya ce, "Ka tabbata, Tafinta?" Na ce, "Ga shi a rubuce."

Bayan kwana uku, da la'asar sakaliya, ya hau soron zauren maƙwabcinmu, ya ɗaura ɗankwalin mahaifiyarsa a wuya. Ni na riƙe babban jakin mahaifina a ƙasa, mun shimfiɗa masa buhu a baya. Yara sun kewaye mu. Kaboyi ya yi fito, ya buɗe hannuwa, ya saki jiki. Jakin ya ga inuwa tana saukowa a kansa, ya matsa taku biyu, ya ja ni da shi. Ƙarar da na ji kamar an karya busasshen kara ce, ba ta da ƙarfi ma. Bai yi kuka nan take ba. Yana kwance a ƙasa ya ɗago kai ya ce mini, "Tafinta, ban hau ba?" Aka kira mai ɗori, maza huɗu suka danne shi, a nan ne ya yi ihun da har yanzu nakan ji. Ya yi wata uku a kan tabarma, da ya tashi ƙafa ɗaya ta gajarce. Burinsa ya shiga soja, sai ya ƙare a ɗinki, yana taka keke da lafiyayyar ƙafar. Mahaifina ya yi mini dukan da bai taɓa yi mini ba, amma saboda na ɗauki jaki ba izini ne. Maganar takarda ba wanda ya tayar da ita, ni ma na bar ta a kwance.

Abin mamaki, Kaboyi bai taɓa ɗaukar abin a matsayin asara ba. Ya mayar da shi abin alfahari. Duk wanda ya kawo masa ɗinki ya tambayi ƙafar, sai ya ce, "Ni kaɗai ne a garin nan na gwada dirar Mai Ƙyalle. Shi doki ya samu, ni jaki na samu, bambancinmu ke nan." Da wannan magana ya yi aure, ya yi 'ya'ya, ya tsufa, da ita kuma ya shigo gidana yana dogara sanda.

To, ana gobe za mu koma wurin likita, bayan sallar azahar, muna zaune a falo Binta tana haɗa mana shayi, ina ta canza tasha a talabijin, sai Kaboyi ya daka mini cinya.

"Tsaya! Koma baya! Tafinta, wallahi shi ne!"

Shi ne kuwa. Wata tasha ce take shiri a kan tsofaffin 'yan wasan ƙasashen waje, ana nuna hotunansa, wata mata tana ba da tarihinsa da Larabci. Kaboyi ya matso har bakin kujera, ya ce wa 'yarsa, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa gare ta, "Uwata, aje butar nan ki zo ki ga mutumin da ya sa ubanki ɗingishi."

Ni kuwa ina sauraron matar. Zan jera abin da ta faɗa yadda na ji shi. Na farko, a tsakiyar babban birni aka haife shi, mahaifinsa mai sayar da takalma ne, bai taɓa kiwon ko akuya ba. Na biyu, tsoron doki yake yi, yawancin inda muka gan shi yana sukuwa, sirdi ne aka ɗaura a kan wani katako, mutane suna jijjiga shi daga ƙasa. Na uku, ba dogo ba ne, akwati ake aje masa ya taka idan zai tsaya kusa da wani. Ta ce mutumin kirki ne, mai son shuka furanni, ya yi fina-finai da yawa, da aka daina yayin irin nasa ya koma gefe, ya rasu da daɗewa a gidan kula da tsofaffi. Na zauna baki buɗe. Mutumin da muka ba rabin ƙuruciyarmu, babu ko abu ɗaya da muka sani game da shi wanda yake gaskiya.

"Me take cewa?" in ji Kaboyi. "Kai, bakinka ya mutu ne? Baƙi kana cika su da surutu, ni ka yi mini shiru?"

Na ce, "Yabonsa take yi."

"Ai dole. Ƙara murya."

Ban kai ga taɓa komai ba sai ga rufin gidan katakon nan, wanda na sani kamar soron gidanmu. Aka nuna dirar, Kaboyi ya yi kabbara. Sai aka tsayar da hoton, aka kawo wani. Mutum biyu ne tsaye kafaɗa da kafaɗa, riga iri ɗaya, hula iri ɗaya, ƙyalle iri ɗaya a wuya. Ɗaya Mai Ƙyalle ne. Ɗayan ya fi shi tsawo, hancinsa a karkace, ba mu taɓa ganin fuskarsa ba. Daga nan aka nuna wannan na biyun ya tsufa, yana zaune a kujera da sanduna biyu a gefensa, yana magana yana nuna gwiwarsa da kafaɗarsa.

Kaboyi ya ƙura wa hoton ido. Sannan ya ce, a hankali, "Su biyu ne?"

"Su biyu ne."

"Wane ne ya diro?"

"Mai karkataccen hancin. Aikinsa ke nan, shi yake yin duk abin da ke da haɗari, a ɓoye fuskarsa. Ta ce shi ma ba a kan doki ya faɗa ba, a kan tarin katifu ne, daga baya aka haɗa hoton."

"Katifu," in ji Kaboyi. Ya sake cewa, "Katifu." Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni, abin da ke masa wuya saboda ƙugun. "To takardar nan da ka karanta mana a ƙofar silima fa?"

Binta ta ce, "Baba, wace takarda?"

Na ce wa Kaboyi, "Ban iya karanta ta ba. Ban san abin da ke jikinta ba. Ni na ƙirƙira."

"Da abin da kake faɗa mana a bakin rijiya?"

"Duka."

Na ɗauka zai zage ni, da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi. Sai ya dubi ƙafarsa, ya shafa ta tun daga gwiwa har ƙugu, kamar yau ya fara ganinta. Metro ya wuce, gidan ya ɗan girgiza. Binta tana tsaye da buta a hannu, tana duban wannan tana duban wancan.

Ya ce, "Shekaran jiya likitan nan ya yi magana mai tsawo, har da nuna ƙirjina. Kai ka mayar da ita kalma biyar. Na lura, na ce ai Larabci ne, wataƙila haka yake. Yanzu faɗa mini abin da ya ce. Kai mai son jera magana ne, to jera mini."

Na jera masa, ban rage komai ba. Na ce gaɓar ta cinye, na ce zuciyarsa ba za ta ɗauki aiki ba, na ce ba za a yi tiyata ba, magani ne kawai na rage zafi, kuma nan gaba sanda ɗaya ba za ta ishe shi ba. Binta ta aje butar ta shige ɗaki, muna jin kukanta. Na ce, "Ka yafe mini, Kaboyi. Tausayi ne."

"Tausayi," ya ce. "Wancan na ƙofar silima ma tausayi ne?" Ya ɗaga murya ya kira 'yarsa. "Uwata, share hawayenki ki ɗauko waya. Ki nemo mana wani tafinta kafin gobe."

Ta samo kuwa. Wata mata ce 'yar Nijar da ke zaune a unguwar Faisal, mai irin sana'ata, wadda na daɗe ina cewa ba ta kai ni ƙwarewa ba. Da safe ba wanda ya ce in zo, ba kuma wanda ya ce kada in zo, sai na tsayar mana da tasi na zauna gaba, don ba su san hanya ba. A ƙofar ɗakin likita matar ta gaishe ni da ladabi, ta ba ni haƙuri da Larabci, ta ce, "Ma'alish, Baba," ta shige da su, aka rufe ƙofa. Na zauna a benci a waje tare da masu jiran layi. Tun da na fara wannan aiki ban taɓa zama a wannan gefen ƙofar ba. Ina jin muryar likita tana tashi tana sauka, ina jin muryar matar tana biye da ita da Hausa, kuma na lura tsawon maganarta daidai yake da tsawon tasa.

Sun daɗe kafin su fito. Binta ce a gaba da takardar magani a hannu, idanunta sun yi ja. Kaboyi ya tsaya a gabana yana dogare da sandarsa, ya dube ni daga sama, ni ina zaune.

Ya ce, "Abin da ka faɗa jiya shi ta faɗa. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba."

Na ce, "To."

"Ban ce na huce ba."

"Na sani."

Ya dubi matakalar da za mu sauka, hawa biyu ne, lif ɗin ginin kuma ba ya aiki. Ya miƙa wa Binta sandar, ya ɗora hannunsa a kafaɗata da dukkan nauyinsa, ya ce, "Tashi. Ƙafar dama za ka fara sawa, ni in biyo. Kuma idan akwai rami a gaba, ka ce akwai rami."